Ka Sayi Wadda Ta Dace Da Kafaɗarka Ta Hagu

Alƙahira,
ranar Lahadi, bayan La'asar.

Zuwa ga ɗana Idrisu, wanda nake kira Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a tafiyar da za ka yi ranar Alhamis, Ya sauki jirginku lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a Kanada tun daga filin jirgi har gonar alkamar da za ka yi wa gyaran injuna. Amin.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga mutumin da tsakanin gidansa da ɗakinka na Ard al-Liwa bai wuce hawa ɗaya na mikrobas, ƙaramar motar haya, ba. Ni ma na yi mamakin kaina. Ka san ni da rubutu. Aji biyu na sakandare na yi a Gadarif ta Sudan, na ajiye biro na ɗauki buhu, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba, don da aji biyun nan na gina ofishin da masu digiri ke zuwa neman aiki a cikinsa. Amma akwai maganar da in na buɗe baki a gabanka takan koma faɗa ko ban yi niyya ba. Shi ya sa na zauna nake rubutawa.

Shekaranjiya Juma'a mahaifiyarka tana ninke maka kayan sanyi ta ce mini, kamar ba wani abu ba, wai in ka zauna can ka sami izini kana so ka sayi bindiga mai famfo, irin wadda ake jan marikinta baya a tura gaba, don farautar dinya da agwagin daji, da harbin farantan yumɓu ran hutu.

Na ce, "Wa ya ba shi shawarar mai famfo?"

Ta ce, "Kabtin Magdi ya tambaya."

Na ce, "Kabtin Magdi mai koyar da harbi a nadi, kulob ɗinmu na maharba? Ni ina raye?"

Ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Alhaji, kai ma ka san dalili."

Na sani. Shekara ashirin da biyu ina riƙe da bindiga a ƙasar nan, ɗan cikina ya tsallake ni ya je ya tambayi bare, kuma ba ni da bakin cewa bai kyauta ba. Abin da ya hana ni sukuni tun ranar shi ne kada ka hau jirgin nan ba ka ji daga gare ni cewa na san abin da na yi maka ba. Zan zo kansa. Amma ka san halina, ba na iya shiga magana mai nauyi kai tsaye. Bari in fara da kurakuran da suka fi sauƙin faɗa, tunda su ma za su amfane ka a gaban mai shago.

Bindigata ta farko don idon mutane na saye ta. Lokacin na fita daga ɗaki ɗaya na unguwar Arba wa Nus, na daina dakon kaya a Ataba, na buɗe ofishin aika kaya Kano da Injamena a Wustul Balad. Wani Bamisire da muke hulɗa ya kai ni nadi, na ga manyan mutane suna fasa faranti a sama suna shan shayi, ni kuma suna kallona kamar na zo ɗaukar jakar wani. Na ce a raina sai sun san ni. Shekara biyu ina hawa da sauka a ofisoshi kafin takardar izini ta fito. Ranar da ta fito na shiga shagon bindigogi na nuna wadda ta fi kowacce ƙyalli, mai zane a jiki, mai dogon bututu. Mai shagon, dattijo ne, ya kira ni Alhaji da Larabcinsu, ya ce, "Ya Hagg, ɗora ta a kafaɗa mu gani tukuna." Na ce masa, "Saye na zo yi, ba awon riga ba." Ya ce, "Tamam, shi ke nan." Ya naɗe mini.

To, ni gajere ne, hannuwana gajeru. An yi bindigar nan don ƙaton mutum. Gindinta ya yi mini tsawo, in na ɗora ta sai ta zauna a kan dantsena maimakon lungun kafaɗa, hannuna na gaba kuma da ƙyar yake kaiwa marikin famfon. Duk harbi sai ta shure ni a kunci. Na dawo gida fuska a kumbure na ce wa mahaifiyarka haƙori ne. Har kanumfari ta daka mini, na sa a baki ina kallonta. Shekara huɗu na yi da bindigar nan don kada a ce Alhaji ya yi kuskuren saye.

Saboda haka, Babana, in ka shiga shago kada ka kalli ƙyalli. Ka je sanye da rigar sanyin da za ka yi farauta da ita, don can an ce sanyi na sa mutum ya sa riga uku, kuma kaurin riga yana ƙara wa bindiga tsawo. Ka rufe ido, ka ɗora ta a kafaɗa, ka kwantar da kunci, sannan ka buɗe ido. In ka ga idonka ya miƙe kan bututun ba tare da ka karkata wuya ba, ta fara dacewa. Ka duba tsakanin hancinka da babban yatsanka akwai wurin yatsa biyu. Ka duba hannunka na gaba yana kama marikin da ɗan lanƙwasa a gwiwar hannu, ba a miƙe kamar mai roƙo ba. Ka yi haka sau goma, ko mai shagon ya ɓata rai. Bututu mai inci ashirin da takwas ya ishe ka dinya, ya ishe ka faranti. Wadda jikinta baƙar roba ce ba ta da kyan gani, amma ba ruwanta da ruwan sama da taɓo, kuma ba za ka yi kuka ba in ta karce. Mai lamba sha biyu za ka saya, wato mai faɗin baki, tunda dinya babbar tsuntsuwa ce mai kaurin gashi, sai dai ranar faranti ka sa mata harsashi mara ƙarfi. Ba jarumta ba ce mutum ya dawo gida kafaɗa ta yi baƙi. Kada kuma ka ruɗu da mara nauyi sosai. Tana da daɗin ɗauka, amma duk abin da ta rage maka a hannu a kafaɗa za ta rama.

Kuskure na biyu a Fayyum na yi shi, kuma har yau in na tuna nakan nemi gafara. Muna zuwa farautar agwagi lokacin sanyi, wani dattijo mai kwalekwale, Ammu Sha'aban, shi ke shiga da ni cikin ciyayin tafkin. Ni a ganina maharbin ƙwarai shi ne mai kado tsuntsu daga inda kowa ya ce ya yi nisa. Sai na murza wa bakin bindigata zoben da ya fi matsewa, na cika ta da harsashi mafi ƙarfi, duk abin da ya gifta a sama sai in sakar masa. Wasu suna faɗowa, gaskiya ne. Amma da yawa sai dai ka ga sun yi tangaɗi, gashi ya zubo, sun wuce da dalma a jiki su je su mutu inda ba mai yanka su.

Wata safiya, rana ta ɗan ɗago, na karya wa wata agwagwa fiffike. Ta faɗo ruwa kusa da mu tana zagaye wuri ɗaya. Na yi sauri in ƙarasa ta, sai na ja famfon rabi na tura. Tsohon ƙwanson bai fita ba, sabon harsashi ya cije, bindiga ta kulle. Ina ta kokawa da ƙarfe ina zagi, ita kuma tana ja da fiffike ɗaya har ta shige cikin ciyawa. Mun fi awa muna nema. Muna jin motsinta, ba mu gan ta ba. Da muka haƙura, Ammu Sha'aban ya ajiye sandar tuƙinsa ya ce, "Ya Hagg, na ji ka ce bismillah kafin ka harba. Amma rai ne fa. In ba za ka iya ɗauka ba, ka bar wa Mai shi." 

Daga nan ka ɗauki abu uku, ko huɗu. Ka sayi wadda ake canza wa zoben baki, a ba ka zobba aƙalla uku: mai faɗi don faranti na kusa, matsakaici don yawancin farauta, matsattse ka ajiye shi a aljihu ya daɗe bai fito ba. Kafin ka nufi wani mai rai da ita, ka kafa babban kwali a taki talatin ka harba, ka je ka duba inda ƙwayoyin suka zuba, don kowace bindiga da inda take kai kayanta. Shi kuma famfon, tun a shago ka nemi izini ka ja shi ka ji. In yana cijewa ko yana karkata, ajiye ta. Wadda famfonta ke da sanda biyu a gefe ta fi tafiya sumul. In ta zama taka, ka saba wa hannunka: ja har ƙarshe sai ka ji ta buga, tura har ƙarshe sai ka ji ta kulle. Bindiga mai famfo ba ta son rabin aiki, kuma ba ta son a lallaɓa ta. An ce mini can doka ta hana dalma a kan tsuntsayen ruwa, sai ƙwayar ƙarfe, kuma ba a sa fiye da harsashi uku. Ka tambaya ka tabbatar, ka tabbatar kuma bututun da zobban suna ɗaukar ƙarfe. Kada ka yi wa dokarsu wayo irin namu na nan. Kai baƙo ne, kuma baƙar fata mai bindiga. Ka ambaci sunan Allah kafin ka taɓa kunama, wuƙarka ta kasance mai kaifi a inda hannu zai kai da sauri, kuma in kana shakkar nisa, sauke bindiga. Wata za ta zo.

Akwai maganar kunne. A nadi kowa na sa abin toshe kunne, ni na ƙi. Na ce ubana ya yi shekara arba'in yana harbi bai toshe komai ba, ni ba zan zauna kamar matuƙin jirgi ba. Yau kunnena na hagu ya mutu, sai wani ƙugi da ba ya tsayawa. Likita ya ce haka yake, mai harbi da kafaɗar dama kunnen hagu ke fara tafiya. Kuma ka tuna wajen cin abinci ta hagu da ni kake zama, kai kuma ba mai ɗaga murya ba ne. Sai bara mahaifiyarka ta gaya mini sau da yawa kakan yi mini magana in yi shiru, ka ɗauka share ka na yi. Ni kuma a lokacin ina cewa yaron nan ya cika ƙunci, ba ya yi wa ubansa hira. Ban san me da me ka faɗa ba. Ba kuma zan taɓa sani ba. Ka sayi abin kunne rana ɗaya da bindigar, da tabarau, kada ka ce sai wani mako.

Wajen ajiya ba zan tsawaita ba, ka fi ni natsuwa. Sau ɗaya na dawo daga Fayyum a gajiye na jingine ta a bayan kabad, bayan mako na ɗauko zan goge na tarar da harsashi a ciki, sakatar tsaro a buɗe. Ku yara kuna gidan duk makon nan kuna wasa. Ban gaya wa kowa ba sai yau. In za ka ajiye taka, ka buɗe ta, ka duba da ido, ka sa yatsa ka taɓa, sannan ka kulle ta wuri ɗaya, harsashi wani wurin.

To. Na gama kewaye-kewaye.

Kai bahago ne, Babana. Haka Allah Ya yi ka. Tun kana rarrafe da hagu kake miƙa hannu. Na hana ka ci da hagu, wannan ban yi nadama ba, addini ne. Amma ban tsaya nan ba. Na hana ka rubutu da hagu, na hana ka jifa da hagu, har buɗe ƙofa in ka yi da hagu sai na ce koma ka sake. Ka bi duka, ba ka taɓa musu ba.

Kana shekara sha huɗu na kai ka nadi ranar farko. Kabtin Magdi ya miƙa maka ƙaramar bindiga, ni ina can ina gaisawa da mutane. Kafin in juyo ka ɗora ta a kafaɗar hagu. Aka saki faranti biyar, ka fasa uku. Yaron da bai taɓa riƙe bindiga ba! Na ga fuskarka lokacin da ka juyo kana nemana da ido. Sai wani cikin abokan shayina ya yi dariya ya ce, "Allah! Ya Hagg, ashe ɗanka ashwal ne?" Wato bahago. Sauran suka yi dariya, ba ma ta mugunta ba. Na taka na zo, na cire bindigar daga kafaɗarka na mayar da ita dama. Na ce, "A gidana ba a yin abu da hagu."

Kabtin ya ja ni gefe. Ya ce, "Ya Hagg, ba hannu kaɗai ba ne. Idonsa na hagu ne ke jagora. Na sa shi ya nuna hasumiyar masallacin can da yatsa, ya rufe ido ɗaya-ɗaya, na gani. In ka sa shi dama, bindiga na kallon wuri ɗaya, idonsa na kallon wani. Ba zai samu ba."

Na ce, "Kabtin, ka koya wa 'ya'yan wasu. Wannan ni na haife shi."

Ya ce, "Khalas, ɗanka ne."

Shekara uku, kowace Asabar, ina tsaye a bayanka. Faranti ya tashi, ka harba, ya wuce ya faɗi can cikin yashi lafiyarsa lau. Ni kuma ina cewa buɗe idonka, kana barci ne, ka gaba da shi, ka baya da shi, ɗan wane ƙaninka ne ya fi ka. Cikin ashirin da biyar wata rana ka sami huɗu, wata rana biyu. A mota ba ka magana, ni kuma ina yi har gida. Ranar ƙarshe, kana sha bakwai, ka harba goma a jere ba ka taɓa ko ɗaya ba, mutane suna zaune suna kallo. Na ce da ƙarfi, da Hausa, na kuma maimaita da Larabci don kowa ya ji: "Sunan maharbi na sa maka, ashe asarar suna na yi."

Ka buɗe bindigar, ka cire harsashi, ka ajiye ta a kan teburi yadda aka koya maka, bakinta na kallon fili. Ka cire tabarau ka ɗora a gefe. Ka fita ta ƙofar nadi ka hau mikrobas. Shekara tara ke nan. Muna gaisawa, kana zuwa Sallah, kana durƙusawa, ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba. Amma ɗana bai sake neman idona ba tun daga ranar.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba game da mai sunanka. Na sha ba ka labarin kakanka Idrisu maharbi, mai gadin gonakin dawa a bayan Gadarif, wanda ba ya kuskuren zabuwa ko tana gudu. Abin da na ɓoye shi ne sunan da garin ke kiransa: Idi Bahago. Da kafaɗar hagu yake harba tsohuwar harba-ka-rugarsa. Talaka ne, rigarsa ɗaya, kullum yana warin albarushi. A makaranta ni ba ni da suna sai ɗan Bahago. Na tsani sunan nan. Na bar garin na rantse ba mai sake kirana da shi. Ranar da mutumin nan ya yi dariya a nadi, ba kai na gani ba. Ubana na gani tsaye da yagaggiyar rigarsa a tsakiyar mutanen da na sha wahala kafin su ba ni kujera. Na ji kunyarsa, shi da ya ciyar da ni da wannan kafaɗar, sai na huce a kanka.

Kuma kada ka ɗauka jahilci ne. Tun a shekarar farko na tambayi wani malami ɗan Kano da ke karatu a nan, muna salla tare. Ya ce, "Alhaji, ci da sha da gaisuwa, dama. Amma kafaɗar da za a ɗora bindiga, ban san wani hani ba." Na ji, amma na ci gaba da kai ka Asabar. Na riga na faɗa a gaban mutane, ban iya janyewa ba. Wannan shi ne gaskiyar abin.

Saboda haka ga shawarar da ta fi duk na sama, kuma na san Kabtin ya riga ni, amma ina so ka ji ta daga wurina. Ka sayi bindigar bahago. Yawancin masu famfo ta dama suke tofar da ƙwanso, wato in ka ɗora a hagu zai riƙa gifta maka fuska da zafinsa da hayaƙinsa. Akwai waɗanda aka yi musamman suna tofarwa ta hagu, akwai kuma masu zubarwa ta ƙasa, tsakanin ƙafafunka, su ba ruwansu da dama ko hagu. Ɗaya daga cikin biyun nan za ka nema. Ka duba sakatar tsaro. Wadda ke sama, inda babban yatsa ke kaiwa, ta fi maka. In maɓalli ne a gefen kunama, an yi shi don na-dama, sai ka tambaya ko ana juya shi, a juya maka kafin ka bar shagon, don kada ranar da dinya ta taso ka tsaya lalube. Ka duba gindin ma, wasu an ɗan karkatar da su don kuncin dama. Ka nemi miƙaƙƙe, ko wanda ake gyara wa zama. In mai shago ya ce babu, ka ɗauki wannan za ka saba, ka ce masa ma'alish, ya yi haƙuri, ka jira a kawo, ko wata uku ne. Kada ka saba. Ka yi sabon da ya ishe ka a hannuna.

Jiya Asabar na tafi nadi da niyyar in yi wa Kabtin Magdi faɗa don ya ba ɗana shawara a bayan idona. Ya tsufa shi ma, gashi duk ya yi fari. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ya Hagg, zauna." Ya ce shekara biyu ke nan kana zuwa ranar Laraba da safe, ranar da ka san ina ofis, kana karɓar bindigar nadi kana harbi da hagu. Ya ce cikin ashirin da biyar ba ka sauka ƙasa da ashirin da biyu. Ya ce duk nadin sun sani, har mai shayi, kuma kai ka roƙe su kada a gaya mini. Na ce don me? Ya ce, "Ya ce kada ranka ya ɓaci."

 Sannan na ce a ba ni bindiga. Na je na tsaya inda kake tsayawa, na ɗora ta a kafaɗar hagu, ni da idona na dama ke jagora. Kabtin ya ce, "Me kake yi, ya Hagg?" Na ce, "Yalla, saki."

Babana, ina ganin farantin sarai. Ga shi nan, ja, yana tafiya a hankali kamar in miƙa hannu in kama. Na ɗora baki a kansa, na tabbata na same shi, na harba, ya wuce. Na sake, ya wuce. Ba abin da ke gaya maka inda ka yi kuskure, don a idonka ba ka yi ba. Hannuna ya rikice da famfon, ƙwanso yana gifta mini hanci, mutanen da suka san ni shekara ashirin suna bayana suna kallo.  Cikin ashirin da biyar na fasa ɗaya, shi ma ban san yadda aka yi ba. Minti ashirin ke nan, kuma ba mai tsawa a kaina. Na zauna a benci. Kabtin ya zauna kusa da ni, ya ce, "Shekara uku ya yi a haka. Bai taɓa cewa ya gaji ba."

Na zalunce ka, Idrisu. Allah Ya ba ka abu, na ƙwace don kunyar da ba taka ba ce, sannan na zage ka a gaban mutane don ba ka da shi. Ba ka yi asarar suna ba. Kai ka gaje shi, ni ne na gudu daga gare shi. Tun da na yi wayo ban taɓa ce wa ɗan Adam ya yafe mini ba, ko a kasuwa ko a gida, kuma ina taƙama da haka. Yau ina roƙonka, don Allah ka yafe mini. Shekarata sittin da uku, Kanada kuma ba Fayyum ba ce da zan ce zan leƙo ran Juma'a. Ban san ko akwai sauran ganawa ba.

Abu ɗaya nake nema bayan wannan, kuma in ka ƙi ba zan riƙe ka ba. Saura Laraba ɗaya kafin ka tafi. Na gaya wa yaran ofis ba zan fito ba. Zan je nadi da safe in zauna a bencin baya, can wajen katanga, ba zan matso ba, ba zan ce uffan ba, ko ka fasa ko ka kuskure. Faranti uku kaɗai na taɓa gani ɗana ya fasa da kafaɗarsa, su ma ban tsaya na yi murna ba. Ina so in ga sauran. In ka zo ka gan ni ka ji ba za ka iya ba, ka gaya wa Kabtin ya yi mini alama, zan tashi in tafi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum da sharrin sanyin ƙasar da za ka. Allah Ya sa abin da za ka saya ya zama na abinci da nishaɗi, kada ya taɓa zama na nadama. Ya riƙe maka sallarka, Ya ba ka halal, Ya sa in ka sami naka 'ya'yan ka bar su yadda Ya halicce su. Allah Ya jiƙan mai sunanka, Ya yafe mini abin da na yi masa shi ma. Amin summa amin.

Ka huta lafiya.

Ni ne mahaifinka,
Alhaji Musa, ɗan Idi Bahago.